Kakaki da Tuba: Tarihin Zaɓen Ƙaho Daga Fadar Rumfa Zuwa Moshi Zongo



Wata magana ta daɗe tana zagaya unguwarmu, daga ƙofar masallaci zuwa zaurukan dattawa. Samarinmu masu badujala, waɗanda ke raka mu wajen biki da taron makaranta da faretin 6 ga Maris, sun ce kiɗansu ba shi da gindi. Suna da ganguna, suna da begila da ƙananan ƙahoni. Abin da suka rasa shi ne babban ƙahon nan mai kaurin murya da ake runguma kamar tulu, wanda Turawa ke kira tuba. Sun fara karo-karo, sun kuma nemi iyaye su sa hannu. Da batun ya isa gaban manya sai ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce in dai ƙaho za a saya da kuɗin jama'a, me zai kai mu ga na Nasara alhali muna da kakaki, gadon kaka da kakanni? Wasu suka ce zamani riga ne. Har an sami mai barkwanci da ya ce shi bai taɓa jin an sayi tuba da sidi ba, a saninsa nadama da hawaye ne kuɗinta.

Dariya dai an yi, amma maganar tana da nauyi. Kuɗin na talakawa ne, kuma duk ƙahon da aka busa a titi da sunanmu, mu yake wakilta a kunnen maƙwabta. Shi ya sa muka ga ya dace mu koma baya, mu duba yadda magabata suka gwada ƙaho suka zaɓa, da inda waɗannan ƙahoni biyu suka fito kafin su haɗu a bakin Bahaushen Tamale.

Tambayar da ake fara yi

Zaɓen ƙaho mafi daɗewa da muka karanta a gaban malamai shi ne wanda aka yi a Madina bayan hijira ta shekarar 622. Sahabbai sun yi shawarar abin da za a riƙa kiran mutane salla da shi. An kawo batun ƙaho irin na Yahudawa, an kawo batun ƙararrawa irin ta Nasara, an kawo batun hura wuta. Daga baya aka tsaya kan muryar ɗan Adam bayan mafarkin Abdullahi ɗan Zaidu, aka ba Bilal aikin saboda muryarsa ta fi kaiwa nesa. Hukuncin kiɗa da bushe-bushe fage ne na malamai, mun bar musu. Darasin da muka ɗauko daga wannan labari guda ne: sai da aka tantance abin da kiran zai yi, sannan aka zaɓi abin kiran. Wannan ita ce tambayar da ya kamata ta riga maganar farashi a wurinmu. Wa za a busa wa, kuma me ake son mai saurare ya fahimta?

Kakaki ma baƙo ne da ya zama ɗan gari

Masu cewa kakaki namu ne sun yi gaskiya, sai dai yana da kyau mu san cewa shi ma tahowa ya yi. Dogon ƙahon ƙarfe tsohon abu ne a fadojin ƙasashen Musulmi. Larabawa na kiran sa nafir, kuma har yau a tsofaffin biranen Maroko akwai masu zagayawa da shi cikin azumi suna tashin mutane sahur. A Farisa da tsakiyar Asiya akwai ɗan uwansa da ake kira karna. Hanyoyin Sahara da suka kawo mana takarda da alkyabba da dawakin Barbar, su ne suka kawo wannan al'ada ta busa wa mai mulki ƙaho.

Kafin ƙarfe ya zo, Afirka ta yamma tana da nata. Ibn Batuta, wanda ya ziyarci Mali a shekarun 1352 da 1353 zamanin Mansa Sulaimanu, ya ga ƙahonin hauren giwa a fadar. Asantawa har gobe suna da irin waɗannan ƙahoni na haure a Kumasi, masu faɗin kirarin sarki da harshensu. A ƙasar Hausa kuwa akwai ƙaho na dabba, akwai farai da famfami na itace.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci matakai biyu. Ya ce a zamanin Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, aka fara busa dogayen ƙahoni a Kano, har suna da takensu. Sannan da ya zo kan Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya lissafa kakaki cikin abubuwan da shi ya fara, tare da figini da takalman gashin jimina. Rumfa shi ne ya gina gidan sarautar da ake ciki har yanzu, ya kafa kasuwar Kurmi, ya karɓi baƙuncin Shehu Magili. Sarki ne da ya sake fasalin sarauta baki ɗaya, ya kuma nema mata muryar da za ta dace da sabon girmanta. A daidai wannan zamani sunan kakaki ya bayyana a tarihin Sanwai, a fadar Askiya Muhammadu wanda ya hau mulki a 1493.

Daga nan ƙahon ya bazu. Nufawa sun ɗauka suna cewa kakati. Ya shiga Ilori da fadojin Yarabawa. Lamiɓɓe na Adamawa da arewacin Kamaru suna da shi. A Nikki ta ƙasar Barba, cikin Jamhuriyar Benin, ana fito da dogayen ƙahonin sarki a bikin Gani, cikin watan Maulidi, watan da mu a nan ake yin Damba. Kowace fada da ya shiga, sai ya koyi kirarin masu ita.

Ƙahon da ke magana

Kakaki bututu ne miƙaƙƙe, yakan kai mita 2 zuwa 3, wani ma ya wuce. Ba shi da huda, ba shi da madanni. Leɓen mai busa da ƙarfin numfashinsa ne kawai ke sarrafa shi, kuma galibi amo biyu yake bayarwa, na ƙasa da na sama. Wanda bai san Hausa ba zai ce wannan talauci ne. Amma harshenmu da kansa a kan hawa da saukar murya yake tafiya, shi ya sa amo biyu suka isa a faɗi magana. Idan kakaki ya tashi a ƙofar fada, Bahaushe yana jin “ga shi, ga shi” a fili, kuma ya san wanda ake nufi ya fito.

Nan ne asalin darajarsa, nan ne kuma iyakarsa. Kakaki na mutum ɗaya ne. Ba a busa wa attajiri shi komai dukiyarsa, ba a busa wa ango, ba a busa wa malami. Kamar yadda ake cewa tambari sai sarki, haka kakaki. Ana jin sa a daren Juma'a lokacin sara a ƙofar fada, ana jin sa ranar hawan salla, da ranar naɗi, da sa'ad da sarki zai fita. Masu busa shi suna da shugabansu, sarkin kakaki, kuma sana'ar ta gado ce, ɗa ya koya wurin uba, tare da taken kowane sarki da na kakanninsa.

Jihadin 1804 ya girgiza wannan al'ada. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙaninsa Abdullahi sun soki shagulgulan fadojin Haɓe da yawan kaɗe-kaɗensu. Amma ba a daɗe ba sarakunan da suka gaji waɗannan fadoji suka ga mulki ba ya tafiya babu alamar da talaka zai gane, sai kakaki da algaita suka koma ƙofar fada. Matafiyan Turawa da suka ratsa ƙasar tun daga shekarun 1820 sun tarar ana busa dogayen ƙahoni a gaban sarakuna. Bayan Ingilishi sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sun bar wa sarakuna wannan alama. Abin da ya sauya shi ne ƙarfen. Da jirgin ƙasa ya iso Kano kananzir ya yawaita, maƙera suka riƙa yanka garwar kananzir suna ƙera kakaki da ita, saboda ta fi tagulla araha da rashin nauyi.

Har harshe ya adana wannan tarihi. Yau muna cewa kakakin majalisa, kakakin gwamnati, kakakin 'yan sanda. Ma'anar ba ta kauce ba: kakaki shi ne wanda ke magana da yawun wani mai iko.

Yadda ake samun kakaki

Kakaki ba hajar da ake tararwa a rataye a shago ba ce. Aikin maƙeran fari ne, masu aikin tagulla da farin ƙarfe irin na Kano da Bida, kuma saƙo ake bayarwa a ƙera. Gaɓa-gaɓa ake yin sa, yadda za a iya raba shi a ɗauka a kuma haɗa. Idan an gama, mai busa ne ke gwadawa, domin shi zai rayu da shi. Zai duba ko ya miƙe sak idan an haɗa, ko mahaɗar tana yoyon iska, ko liƙin dalma ya kama. Zai ɗaga shi sama ya ji nauyinsa, saboda a ɗage ake busa shi, wani lokaci ma a kan doki. Zai nemi amon nan biyu su fito garau, na ƙasa ya cika, na sama ya tashi ba tare da fashewa ba. Tun da yake ba kasafai ake busa shi shi kaɗai ba, dole sabon ya yi daidai da 'yan uwansa, in ba haka ba a ji kamar mutum biyu na musu a gaban sarki.

Bayan wannan duka akwai gwajin da ya fi na ƙarfe, wato izini. Ko a ƙasar Hausa, ba kowane mai rawani ke da kakaki ba. Mallakarsa magana ce ta matsayi, kuma busa shi inda bai cancanta ba daidai yake da iƙirarin sarautar da ba a ba mutum ba.

Hanyar Gwanja da zamanmu a Dagbon

A nan ne tarihinmu na zango ya shigo. Kakanninmu ba da tuta da kakaki suka iso wannan ƙasa ba. Fatake ne da malamai, suna bin madugu da jakuna, suna kawo kanwa da tufafin rini da kayan fata daga Kano da Katsina, suna komawa da goron Gwanja. Salga ce babbar kasuwarsu. Da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 hanyar goro ta fara kaucewa, sannan yaƙin basasar Salga na 1892 ya tarwatsa mutanen garin. Wasu suka nufi Yeji da Kintampo, wasu suka bi hanyar Kete-Karachi, inda babban malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934. Da Turawa suka mai da hedikwatar lardunan arewa daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, garin ya buɗe, baƙi suka taru, unguwanni irin namu suka kafu. Sunan unguwar ma shaida ne: Moshi Zongo, zangon da aka san shi da Mosawa, mu da su da wasu ƙabilu muka zauna ƙofa da ƙofa.

Ƙasar da muka sauka kuwa tana da muryoyinta na sarauta tun kafin zuwanmu. Dagwamba suna da makaɗan lunga, masu riƙe da tarihin sarakunan Yandi a ka, waɗanda ke danganta asalinsu ga Bizung ɗan Na Nyagsi. Suna da masu goge na fada, suna da gangunan timpana masu magana. Tun zamanin Na Zanjina, kimanin shekara 300 da suka wuce, suka karɓi malamai baƙi, Wangarawa da Hausawa, suka ba su wurin zama da muƙamai. Kalmominmu sun shiga harshensu, irin su wanzam da lahabali, kuma masu gogensu sukan saka Hausa cikin waƙa. Zumunci ne mai tsawo, kuma ya daɗe ne saboda kowa ya san matsayinsa. Sarautar zango a Gana, ko'ina take, da amincewar masu ƙasa take tsayawa. Mai riƙe da ita uban baƙi ne, mai sasanta su, mai kai kukansu gaba.

Saboda haka wanda ya ce a sayo kakaki a busa a titin Tamale, ya kamata ya amsa tambayar farko: idan ya ce “ga shi”, wa ake nunawa? A gari mai Gulkpe Na da Dakpema, a ƙarƙashin Ya Na, wannan ba tambayar wasa ba ce. Ba muna cewa ƙofar a rufe take ba. Muna cewa ta zauren masu ƙasa take bi, da goro da gaisuwa da bayani, kafin ta bi ta maƙera.

Akwai kuma batun mai busa. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a ƙarshen 1969 ta kwashe dubban mutanen zanguna zuwa Nijeriya da Nijar, gidaje da dama suka watse, sana'o'in gado suka yanke a wurare da yawa. Kakaki ba ya busa kansa. Idan babu wanda ya san take da kirari, abin da za mu samu bututu ne mai tsawo da za a jingine a kusurwar zaure.

Hanyar bariki

Tuba kuwa ta wata ƙofa ta shigo, kuma abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne, wannan ƙofa ma akwai sawun Bahaushe a bakinta. A shekarun 1860 wani hafsan Ingila mai suna Glover ya kafa rundunar Hausawa a Ikko. Da su ya zo nan a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, ya biyo ta kogin Volta. A 1879 aka kafa rundunar tsaro ta wannan ƙasa, wadda mutane suka riƙa kira rundunar Hausawa, kuma ita ce ta zama rundunar soja sosai a 1901. Da yawa daga cikin sojojin ba Hausawan haihuwa ba ne. Akwai Mosawa da Gurunsawa da Dagwamba da Zabarmawa, amma Hausa ce harshen bariki har zuwa wajen yaƙin duniya na biyu. Barikin Kamina da ke nan Tamale ya samo sunansa ne daga Kamina ta ƙasar Togo, inda wannan runduna ta ƙwace tashar wayar iska ta Jamus a watan Agusta na 1914.

A bariki ne kunnen mutanenmu ya saba da begila, mai tashin soja da asuba da kiransa fareti. A can aka sami kalmar badujala. A bakin teku kuma, tun shekarun 1830 akwai ƙungiyar masu busa 'yan ƙasa a ganuwar Cape Coast. Sojojin da aka kawo daga tsibiran Karebiyan a shekarun 1870 suka zo da nasu salon, samarin Fante suka ɗauka suka juya shi ya zama kiɗan adaha, wanda yake ɗaya daga cikin tushen kiɗan hailaif. Daga nan ƙahonin tagulla suka bi makarantu da majami'u da 'yan sanda har suka game ƙasa. Abin da Rumfa ya yi da kakaki shi ne Fante suka yi da ƙahon soja: sun karɓi baƙo sun koya masa harshen gida.

Ita tuba yarinya ce a kan kakaki. A ranar 12 ga Satumba 1835 aka ba wasu mutum biyu a birnin Balin takardar shaidar ƙirƙirarta, Wieprecht shugaban masu busa na sojan Furushiya, da Moritz maƙerin kayan busa. Abin da ya ba su dama shi ne madannan da aka ƙirƙiro kimanin shekara 20 kafin nan, waɗanda ke buɗe wa iska ƙarin hanya, bututu ya ƙara tsawo ko ya ragu a ƙiftawar ido. Da haka ƙaho ɗaya ya iya ba da kowane amo. Sunan kuwa na tsohon harshen Rumawa ne, kuma a wurinsu tuba miƙaƙƙen ƙahon yaƙi ne, wanda a siffa ya fi kama da kakakinmu. Idan aka warware babbar tuba aka miƙe ta, bututunta ya kai ƙafa 18, wato mita 5 da rabi. Ƙaramar da masu badujala ke amfani da ita tana da ƙafa 13. A shekarun 1890 aka yi wata iri a Amurka da ake sanyawa a wuya ta zagaye jiki, aka sa mata suna susafon, daga sunan John Philip Sousa, domin sauƙin tafiya da ita.

Aikinta a cikin kiɗa akasin na kakaki ne. Ba ta kiran sunan kowa, kuma da wuya a ji ta tana jan waƙa. A ƙasa take zama, tana riƙe da taki da nauyin amo, sauran ƙahoni su hau kanta kamar yadda jinka ke hawa kan ginshiƙi. Mai saurare bai cika lura da ita ba sai ranar da babu ita. Ƙaho ne na taro, kuma busa shi ba ya ɗauke da iƙirarin komai a kan kowa.

Yadda za a gwada ta

Idan an tsaya kan saye, to sayen nagari mai da kuɗi gida. Yawancin ƙahonin da ke shigowa Gana iri biyu ne: tsofaffi na hannu daga Turai da Amurka, da sababbi masu sauƙin kuɗi daga Sin da Indiya, inda garin Meerut ya shahara da ƙera su. A kowane ɓangare akwai na kirki akwai na banza, kuma sunan kamfani da aka zana a jiki, ko Yamaha ne ko Besson, ba ya isa shaida. Kada a yi cinikin biri a sama ta hoton waya. A tafi Kumasi ko Akara da ƙafa, a tafi da yaron da zai busa, a kuma roƙi wani tsohon hannu da ya yi aiki a badujalar soja ko ta 'yan sanda ya raka su.

A fara da ido. A duba siririn bututun da ke kusa da baki, domin lotsawa a nan ta fi lahani a kan lotsawa a babban bakin ƙaho. A nemi ɗigo-ɗigo ja ko ruwan hoda a jikin tagullar. Alama ce ta cewa ƙarfen ya fara ruɓewa daga ciki, kuma wannan ciwo ba ya warkewa. A taɓa kowace mahaɗa a ji ko liƙin ya saki.

Sai hannu. A danna kowane madanni sau da yawa, ya sauka sumul ya dawo da kansa. A ja ƙananan bututan gyaran amo a ga suna motsi. Idan aka zare ɗaya ba tare da danna madanninsa ba, ya kamata a ji ɗan ƙara kamar an cire murfin kwalba. Rashin wannan ƙara yana nuna madannin ya cinye, iska na zurarewa. Madanni uku sun isa aikin titi. Na huɗu yana gyara amon ƙasa, amma yana ƙara nauyi da kuɗi.

Sai numfashi. Kowa na iya sa ƙaho ya yi ruri, don haka a fara da busa a hankali. A riƙe amo mafi ƙasa a tsawaita shi, a ji ko yana fitowa ba tare da an yi kokawa da shi ba. A hau daki-daki zuwa sama, a lura ko akwai amon da ke shaƙewa. A gwada ta a fili, kusa da ɗaya daga cikin ƙahonin da samarin suke da su. Wannan yana da muhimmanci ga tsofaffin ƙahonin Ingila, domin har zuwa shekarun 1960 masu badujalar can suna amfani da ma'aunin amo da ya ɗan fi na yau tsayi, kuma irin waɗannan ba sa jituwa da na zamani sai an yi musu ƙari.

Sai kafaɗa. Tuba takan kai kilo 10 ko fiye. Yaron ya ɗauke ta ya yi tafiya yana busawa, a tuna da ranar watan Maris ta Tamale da nisan da ake takawa. Idan yawancin aikin na tafiya ne, susafon ta fi dacewa, kuma akwai ta roba mai tauri da ta fi ta tagulla sauƙin ɗauka. A ƙarshe a tambayi abin da mai saye ke mantawa: akwai akwati? Akwai man madanni, tun da ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabarsa? Wa zai gyara idan ta lalace, kuma a gidan wa za ta kwana? A rubuta amsar wannan ta ƙarshe a takarda a gaban shaidu, domin kayan jama'a da ba shi da mai riƙo shi ne ke fara ɓata, ya kuma ɓata zumunci.

Inda muka tsaya

Tarihi ya nuna mana cewa gardamar namu da na baƙi ba ta da tushe mai ƙarfi a wannan batu. Kakaki ya ƙetaro Sahara, tuba ta ƙetaro teku, kuma dukansu sun ratsa ta hannun mutanenmu. Bambancinsu yana ga aikin da kowanne ke yi. Ɗaya na nuna mai iko, ɗaya na ɗauke da taro.

Saboda haka shawararmu ita ce a taimaka wa samari su sayi tubarsu, bisa sharaɗin a gwada ta yadda muka bayyana, a kuma bayyana wa jama'a abin da aka tara da abin da aka kashe. Buƙatarsu a fili take, mai busawa yana nan, kuma babu wanda zai ji an taka shi. Muna kuma roƙonsu abu guda: su zauna da tsofaffin da suka san taken noma da na samari da waƙoƙin biki na gida, su ɗora su a kan waɗannan ƙahoni. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma ranar da aka ji badujalar Moshi Zongo daga nesa aka gane ta, ranar ce ƙahon ya zama namu.

Maganar kakaki kuwa kada a binne ta, a bi ta daki-daki. A fara da neman yaro mai sha'awa da iyayensa suka yarda, a tura shi Kano ko Zariya ko Katsina ya zauna wurin masu sana'ar ya koya. A lokaci guda dattawa su kai maganar gaban shugabannin zango da masu ƙasa, a fahimci juna kan wanda za a busa wa da ranar da za a busa. Idan waɗannan biyu suka samu, ƙera ƙarfen shi ne mafi sauƙi a cikin aikin.

Duk wanda ke da tsohon kakaki ko algaita ko begila a gidansu, ko ya ji labarin masu busa na zango daga bakin iyayensa, muna roƙon ya sanar da mu domin a rubuta a adana tun masu sanin suna raye.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara mana zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu dace. Amin.